Tsakanin Datsun ɗin da ke ƙarƙashin tamfol da MR2 mai tafiya da ƙafarta

Da dattijon ya yaye tamfol ɗin, ƙura ta tashi, sai ga dogon hancin motar ya bayyana, fitilunta biyu sun faɗa cikin bodi kamar idanun wanda ya daɗe yana jinya. Datsun 280Z ce ƙirar 1977. Fentinta ruwan lemo ne a da, yanzu ya koɗe ya koma launin ƙasa, tayoyin huɗu kuma duk sun sace sun manne da siminti. Na kewaya ta sau biyu ban ce uffan ba. Na ɗora tafin hannuna a kan rufinta, na bi shi yadda ya gangaro har bayanta, gabana yana faɗuwa. Tun ina ɗan makaranta nake zana irin wannan motar a bayan littafin lissafi, kuma ban taɓa tsayawa kusa da ita haka ba.

"Baba, yaushe rabon da ta tashi?"

Ya ɗan yi shiru yana lissafi da yatsu. "Ɗana, ba zan ɓoye maka ba. Ta haura shekara goma."

Shekara huɗu na yi ina tara kuɗi domin in mallaki motar da zan so ta don kanta. Ta hidimar gida muna da ita, ƙarama, ni da matata muke karɓa-karɓa. Da kuɗin suka taru sai hanya ta rabu mini biyu. Ko dai in sayi kwantacciyar mota irin wannan da araha, in riƙe ragowar kuɗin in riƙa tashinta sannu a hankali da hannuna, ko kuma in zube kusan duka a kan tsohuwar motar gudu mai turbo wadda ke tafiya da ƙafarta, in karɓi makulli in tuƙo ta gida a ranar. Abin da dattijon ya nema bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ke hannuna ba, don haka kafin in bar gidansa na riga na saye ta a zuci.

Na san tarihinta kamar na danginmu. Nissan, kamfanin da ya ƙera Datsun, ta fara fitar da wannan jerin a 1969 da sunan 240Z, a Japan kuma ana ce mata Fairlady Z. Ita 280Z an yi ta daga 1975 zuwa 1978 domin kasuwar Amurka, da injin L28 mai silinda shida a jere, lita 2.8, kuma a maimakon kafireto aka sa mata nozul na tsarin Bosch L-Jetronic. Burina shi ne in samo injin L28ET, wanda ya zo a 280ZX Turbo tsakanin 1981 da 1983 da ƙarfin doki 180, in dasa mata. Gida ɗaya suka fito da nata injin, shi ya sa yake zama a gurbinsa ba tare da yanke-yanke ba, kuma masu irin motar sun daɗe suna wannan musanya. Kwana uku ina kwana ina tashi da wannan hoton.

Ran Asabar na koma da wana. Bakanike ne, ya haura shekara ashirin yana kwanciya ƙarƙashin motoci, kuma ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya riƙo bai fi guda huɗu ba: tocila, sukudireba, doguwar sifana, da ɗan maganaɗisu da ya naɗe a tsumma don kada ya karce fenti.

Da maganaɗisun ya fara. Ya ɗora shi a tsakiyar ƙofa, ya kama ƙam. Ya gangaro da shi ƙasa, bayan tayar gaba, sai ya suɓuce ya faɗi. Ya ɗauka ya sake gwadawa a wajen tayar baya, nan ma ya faɗi. Bai ce komai ba, amma na gane: babu ƙarfe a wurin, fila ce wani mai gyaran bodi ya cika ramin da ita ya shafe da fenti. Ya buɗe bonet ya haska inda batir ke zama. Ruwan batir na shekaru ya cinye tiren, ya cinye ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, har kana hango ƙasa. Ya ɗaga kafet ɗin gefen direba, hasken rana ya shigo ta ƙananan huji kamar rariya.

Daga nan ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashinta, ya ce in zo in gani da idona. Irin wannan motar ba ta da shasi daban da ake ɗora bodi a kai. Bodin ne ƙashin bayanta, da wasu dogayen ƙarafa biyu da aka yi wa walda a ƙarƙashin daɓen, su ke riƙe da nauyin inji da ƙafafun gaba. Ya sa bakin sukudireba a ɗaya daga cikinsu ya ɗan danna da tafin hannu. Ta shige kamar cikin jiƙaƙƙen kwali, jar tsatsa ta zubo masa a fuska.

Injin ma ya ƙi. Mun cire filogi shida, ya sa sifana a kan babban notin gaban inji, ya ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi, ko motsi. Ya cije. Da na buɗe murfin tanki, warin da ya fito na tsohon fenti ne, domin fetur idan ya shekara yana zaune yakan daskare ya zama danƙo, ya toshe famfo da bututu da nozul. Na taka birki ya tafi har ƙasa. Ɓeraye kuma sun yi gida a bayan dashbod, sun gaigaye wayoyi.

A hanyar komawa ya ce, "Ƙanena, injin bai ba ni tsoro ba. Inji noti ne da kusa, na kwance shi na ɗaure a wata guda. Tsatsar nan ce ke ba ni tsoro. Wadda ka gani kaɗan ce, sauran sai an kankare fenti."

Na fara kawo masa hujjoji, cewa ana sayar da sababbin faifan daɓe da aka buga daidai da na asali, cewa zan koya. Ya bar ni na gama.

"Ka iya walda?"

"A'a, Yaya."

"Ina za ka ajiye ta? Ba na wata ɗaya nake nufi ba. Wurin da za ta zauna tsirara, babu gilashi, babu taya, ruwa bai taɓa ta ba, kuma babu mai cewa ka matsar da ita."

Na yi shiru.

"Awa nawa kake da ita a mako? Kada ka faɗa mini wadda kake fata. Wadda kake da ita."

Wannan tambayar ce ta fi zauna mini. Da dare na ɗauki littafi na yi lissafi tsakanina da Allah. Kwana biyar ina wurin aiki, in na dawo yara na jirana. Abin da ya rage, in an cire hidimar gida da ziyara da gajiya, awa shida ce a mako. Yaya ya ce a irin halin da motar take ciki, ga wanda yanzu zai fara koyo, kada in sa ran ƙasa da awa dubu. Na raba, ya ba ni sama da shekara uku, in ban yi fashin mako ko ɗaya ba. Sai na juya shafi na shiga jera kaya: faifan daɓe biyu, ƙarafan ƙasa, ladan mai walda, fenti, robobin gilashi da na ƙofa, bututun birki, wanke tanki, wayarin, tayoyi, shokazoba, kujeru, ga kayan aikin da ba ni da su. Ban kai ga injin turbo ɗin da nake mafarki ba, jimillar ta riga ta wuce duk abin da na tara. Araha ba ta ado. Kuma abin da ya fi damuna a lissafin shi ne rabinsa zato ne, tunda babu wanda zai iya faɗa mini iyakar tsatsar kafin a buɗe.

Duk da haka ban cire raina ba. Na dai yarda in duba ɗaya ɓangaren, don in yi wa kaina adalci.

Toyota MR2 Turbo nake nema, ƙarni na biyu, wadda aka yi daga 1989 zuwa 1999. Kujera biyu gare ta, injin yana bayan direba, gaban tayoyin baya. 3S-GTE ake ce masa, silinda huɗu, lita 2, kuma dangin injin da ke cikin Celica GT-Four ne, motar da Carlos Sainz ya ci gasar tseren rali ta duniya da ita a 1990 da 1992. Wadda aka kai Amurka tana da ƙarfin doki 200.

Ta farkon da muka gani tana sheƙi, ja ce, an goge ta har kana ganin fuskarka. Yaya bai kalli fentin ba, hannu ya ɗora a kan murfin inji. Da ɗumi. Saurayin da ke sayarwa ya riga ya tashe ta kafin mu iso, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye abubuwa da yawa: wahalar tashi, hayaƙin farko, ƙarar da ke ɓacewa idan baƙin mai ya zagaya. A ƙarƙashin sitiyari akwai wani ɗan maɓalli da ba na kamfani ba. An cire akwatin iska na asali, an yanke wayoyi an ɗaure da baƙin salatif. Saurayin ya yi ta alfahari cewa ya ƙara mata iska, yanzu babu mai kamo ta.

A nan ya kamata in tsaya in faɗi abin da turbo yake, domin sai da na fahimce shi na gane dalilin da Yaya ya yi masa godiya muka juya ko gwaji ba mu yi ba. Fanka biyu ne a kan sanda guda. Hayaƙin da inji ke fitarwa yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyun, wadda ke cusa iska cikin inji da ƙarfi. Iska mai yawa tana ƙona fetur mai yawa, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Dabarar tsohuwa ce, wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi mata rajista tun 1905. Sandar nan tana juyi sama da sau dubu ɗari a minti, tana iyo a kan ɗan siririn baƙin mai, a wurin da ya fi ko'ina zafi a jikin inji. Mai ya tsufa ko ya yi ƙasa, ita ce farkon wadda za ta ji jiki. Akwai wata 'yar ƙofa da ke sakin hayaƙi ta gefe idan iska ta kai iyakar da aka tsara, kuma aikin maɓallin saurayin shi ne ya hana ƙofar buɗewa da wuri. Idan aka ƙara iska ba a ƙara fetur daidai da ita ba, ko aka zuba fetur maras ƙarfi, wuta takan tashi cikin silinda ba a kan ƙa'ida ba, tana dukan kan fistin kamar guduma. Ƙarshenta fistin ya tsage ko gaskit, shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Wannan ɓarnar ba ta nuna kanta a fenti. Mai kwantacciyar mota aƙalla yana ganin ciwonta a fili, ita kuwa mai tafiya tana iya zuwa maka da ciwon da wani ya sa mata, tana murmushi.

Sai bayan mako biyar muka samu ta biyu. Fara ce, ƙirar 1993, fentin ya ɗan dushe a kan rufi, kujerar direba ta tsage a gefe. Mai ita magidanci ne mai natsuwa, shekara tara tana hannunsa, kuma ya fito mana da jakar takardu cike da rasit, kowane canjin mai da kwanan wata da adadin tafiya. Na roƙe shi tun a waya kada ya tashe ta, muka je da sassafe. Yaya ya taɓa injin, sanyi ƙalau. Ya ce in tsaya a baya in zuba wa salansa ido. Hayaƙi shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya bajewa ruwa ne, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa. Murɗa ɗaya ta tashi. Ɗan tururi ya fito ya ɓace, ta daidaita a silo.

Muka kashe ta, ya kwance bututun da ke kai iska bakin turbo, ya sa yatsa biyu ya kama kan sandar. Ya girgiza ta gefe da gefe, ta ɗan motsa kaɗan, ya ce wannan daidai ne, gurbin mai ne. Ya ja ta ciki da waje, ba ta motsa ba. Ya haska fikafikan fankar, babu wanda ya guntule, babu alamar sun goga bango. Ya kama hannuna ya sa ni na taɓa, don in san yadda lafiyayyen yake. Bayan ta yi ɗumi muka cire filogi muka auna matsin kowace silinda da geji. Huɗun suka zo kusa da juna, kuma kusancin nan ya fi yawan lambar muhimmanci, domin idan ɗaya ta faɗo ƙasa da 'yan'uwanta da fiye da kashi goma cikin ɗari, akwai magana. Sannan ya fito da wata 'yar kwalba mai shuɗin ruwa ya ɗora a bakin da ake zuba ruwan inji. Idan gaskit ya fara sakin hayaƙi cikin ruwa, shuɗin zai koma rawaya. Na tsaya ina kallon kwalbar nan minti biyu kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ta zauna a shuɗinta.

Abu ɗaya muka kama. Motocin Toyota na wancan zamanin suna da ɗan akwatin bincike, idan ka haɗa ramin TE1 da E1 da guntun waya ka murɗa makulli, fitilar inji a dashbod za ta riƙa ƙiftawa tana ƙirga maka matsala. Ta ƙifta biyar, ta tsaya, ta ƙifta biyu. Lamba 52 ke nan, na'urar da ke sauraron wancan dukan gudumar a jikin inji. Zafin shekaru ya busar da wayarta. Mai motar bai yi musu ba, ya ce fitilar takan kama lokaci-lokaci, kuma ya rage mini wani abu a kan haka. Tayoyin ma, da muka karanta lambobi huɗun da ke gefensu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, sun haura shekara takwas duk da zanensu bai cinye ba.

Sai tuƙi. Ban san yadda zan kwatanta shi ga wanda bai taɓa zama da inji a bayan kunnensa ba. A ƙasa-ƙasa mota ce mai ladabi. Da allurar juyin inji ta doshi dubu uku sai ka ji wani siririn fito ya taso daga bayanka, kujera ta tura ka gaba. Yaya ya sa ni na shiga giya ta biyar a ƙaramin gudu na take totur har ƙasa, don mu ga ko kuloci zai zame. Ya riƙe. A wata kwana ya ce, "Kada ka ɗaga ƙafa a tsakiya. Rage gudu tun kafin ka shiga." Nauyinta yana baya, idan ka saki totur farat ɗaya cikin kwana, bayan yakan so ya wuce gaba. An gyara saitin ƙafafunta a 1992 don rage wannan halin, tawa tana cikin waɗanda aka gyara, amma har yau ina girmama ta a kan jiƙaƙƙen titi.

Na dawo gida da motoci biyu a kaina, na yi kwana goma ina juya su. Hankali ya riga ya yanke hukunci, zuciya ce ta ƙi sa hannu. Ina jin kamar in na sayi mai tafiya, na sayi aikin wani ne, alhali waccan duk notin da ke jikinta zai zama ni na ɗaure shi. Kuma wannan ji ba wauta ba ne, har yanzu ina ganin gaskiya a cikinsa. Matata ta gaji da ganina ina buɗe littafin lissafin ina rufewa. Wani dare ta ce, "Maigida, ni ban san inji ba. Amma tunda muka yi aure, in kana labarin mota, hanya kake kwatantawa, da kwana, da ƙara. Ban taɓa jin ka kwatanta gareji ba."

Washegari na koma wurin dattijon ni kaɗai, da niyyar in yi mata kallon ƙarshe ko in biya. Ya karɓe ni da fara'a, ya ce akwai abin da bai nuna mini ba, in na saya duka nawa ne. Ya buɗe wani ɗaki a gefe. Kwalaye ne jere har rabin bango. Sabon famfon ruwa a ledarsa. Robobin gilashi da ba a taɓa warwarewa ba, sun bushe a naɗe. Saitin gaskit, fitilun baya, kafet baƙi sabo fil. A kan kowane kwali ya rubuta abin da ke ciki da shekarar da ya saya, da kyakkyawan rubutu.

"Baba, ashe kai ma tashinta ka yi niyya?"

"Don haka na saye ta, ɗana. Na ce shekara biyu. Sai aiki ya yi yawa, sai ciwon baya, sai aurar da yara. Kullum ina cewa bana." Ya shafa ɗaya daga cikin kwalayen. "Ban taɓa tuƙa ta ba. Ko sau ɗaya. A kan janwe ta shigo gidan nan."

Mutumin nan ya fi ni tsari, ya fi ni wurin ajiya, kuma son da yake wa motar bai gaza nawa ba. Na tsaya a ɗakin ina karanta shekarun da ke kan kwalayen, suna tafiya a jere sannan suka tsaya. Na gaya masa gaskiya cewa ba zan iya ba, na kuma roƙe shi kada ya sayar wa kowa sai wanda ya iya walda. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Ran Litinin na biya kuɗin MR2.

Kada wanda ke karanta wannan ya ɗauka na sayi hutu. Motar da ta doshi shekara talatin tana da nata aikin ko da tana tafiya, kuma Yaya ya hana ni taɓa ragowar kuɗin, ya ce na motar ne. A watan farko muka canza taimin bel da famfon ruwa, baƙin mai da filta, filogi, man birki, man giya, wayar na'urar nan mai lamba 52, da tayoyi huɗu. Abin da na ware ya tafi kusan duka kafin in yi wata doguwar tafiya.

A wata na huɗu na fito da safe na tarar da ɗan ruwa mai launi a ƙarƙashinta. Wani guntun tiyo ne da bai fi tsawon yatsa ba, yana ɓoye a ƙarƙashin turbo, zafi ya gasa shi shekara da shekaru har ya tsage. Masu irin motar sun san shi sarai, har sun laƙaba masa suna tiyon jahannama, domin kafin hannunka ya kai gare shi sai ka kwance turbo da duk abin da ke kewaye da shi. Asabar uku muka yi. Notin da ke jikin bututun hayaƙi sun sha wuta sun cije, sai da muka jiƙa su da mai muka bar su suka kwana, ɗaya ma ya karye sai da aka haƙo shi. Bayan mun ɗaure, ga aikin fitar da iska daga ruwa. Lagireto yana gaba, inji yana baya, dogayen bututu sun bi ta ƙarƙashin motar sun haɗa su, kuma in iska ta maƙale a ciki inji zai yi zafi. Akwai 'yan famfuna a gaba da ake sa wa siraran tiyo masu haske a rataye su sama, kana zuba ruwa ta baya a hankali kana kallon kumfa na fita. Rabin yini muka yi a kan wannan kaɗai.

A cikin makonnin nan uku na gane cewa abin da nake tsoron rasawa ban rasa shi ba. Hannuna ya yi baƙi, na koyi amfani da sifanar auna ɗauri, na san kowane lungu na bayan injin nan. Bambancin shi ne aikin yana da baki. Na san inda ya fara, na hango inda zai ƙare, kuma ran Asabar ta huɗu na murɗa makulli na fita da ita. Awa shida a mako tana isar irin wannan. Ga wanda ya iya walda, yake da rufaffen wuri nasa, kuma in ya shiga gareji ba ya son fitowa, ina ganin kwantacciyar mota ita ce daidai da shi, zai samu abin da kuɗi ba sa saya. Amma ya shiga da saninsa cewa gini ya saya, tuƙin sai abin da Allah ya yi.

Bayan kusan shekara Yaya ya nuna mini hoto a wayarsa. Wani mai walda da ya sani ne ya sayi Datsun ɗin, da kwalayen duka. An tuɓe ta tas, an kifa ta a gefe a kan wani ƙarfe mai juyawa, an yanke daɓen gaba ɗaya, kuma tsatsar ta kai har ginshiƙin ƙofa, inda ni da Yaya ba mu ma duba ba. A gefe guda sabon ƙarfe yana ƙyalli inda ya fara ɗinkewa. Na daɗe ina kallon hoton. Na ji daɗi ƙwarai da ta faɗa hannun da ya dace, kuma wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji, ba zan musa ba.

Yanzu ran Asabar da sassafe nake fita, wani lokacin da babbar 'yata a kujerar gefe. Ba na take ta sai allurar zafi ta hau, in mun dawo kuma nakan bar ta a silo minti ɗaya ko biyu kafin in kashe, don mai ya zagaya ya kwashe zafin turbo. Yarinyar ta riga ta saba, ba ta buɗe ƙofa sai ta ji injin ya yi shiru, ƙarfe ya fara 'yan ƙas-ƙas ɗinsa na hucewa. Makon jiya a kan wani hawa na ga allurar juyin inji ta ɗaga ba tare da motar ta ƙara gudu ba. Na kira Yaya na kwatanta masa. Ya ce kuloci ne ya fara sallama, sai an sauke akwatin giya ta ƙasa, in nemo kayan, shi zai zo da jak ɗinsa babba ran Asabar ta sama.